Yadda Na Zaɓi Teburin Gefen Motar Zango Da Zai Jure Tuƙin Tuwo

A Turai sau da yawa mai motar zango, wato irin ƙaramar bas ɗin nan da ake mayar da cikinta ɗaki da gado da ɗan wurin girki, a waje yake yin mafi yawan girkinsa da cin abincinsa. Cikin motar ya yi kaɗan, tururi yana jiƙa gilasai da bargo, ƙanshin daddawa da soyayyar albasa kuma in ya kama katifa sai ya yi kwanaki bai fita ba. Ga kuma babban dalili: gas da ke ci a rufaffen wuri yana iya fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Tabarma da muka saba da ita ba ta wadatarwa a nan, domin ciyawar Jamus ko ta Sukotland takan kai hantsi da raɓa a jikinta, wani filin kuma tsakuwa ce zalla. Don haka tebur ya zama dole. Sai dai teburan da ake sayarwa an ƙera su ne don masu ajiye burodi da kofin gahawa, ba a yi lissafin wanda zai ɗora tukunya ya kama muciya da hannu biyu ba. A kan wannan na gina zaɓina.

Ban fara da kanti ba, da tef ɗin awo na fara, a bayan motar. Tawa Volkswagen Transporter ce, tsakanin tudun tayoyinta biyu na baya santimita 124 ne. Fiat Ducato, wadda aka fi yin manyan motocin zango da ita, tana da kamar 142 a wurin. Amma wannan faɗin ba shi ne abin dubawa kaɗai ba. Ƙarƙashin gadona tsayinsa santimita 45 ne, kuma jarkar ruwa da akwatin abinci da kujeru sun riga sun mamaye shi. Wurin da ya rage shi ne ɗan tsakanin da ke bayan gado kafin ƙofar baya ta rufe, kaurinsa santimita 9. Na auna shi ƙofa a rufe, daga ciki, domin murfin ƙofar yana da tudu a wajen makulli wanda ba a lura da shi in tana buɗe. Na rubuta lambobi uku a takarda: tsawo kada ya wuce 115, faɗi kada ya wuce 70, kauri in an ninke kada ya wuce 8. Duk teburin da ya saɓa wa ɗaya cikinsu ban ƙara kallonsa ba, komai kyansa.

Akwai wani abu game da wurin ajiya da ya fi girman wurin muhimmanci, shi ne saurin isa gare shi. Tebur shi ne abu na farko da ake fitarwa in an sauka, shi ne kuma na ƙarshe da ake mayarwa. In aka kwantar da shi a ƙasa aka jibga kaya a kai, to sai an sauke rabin mota kafin a sha shayi, kuma ba a jimawa mutum zai daina fito da shi. Masu ƙera motar zango ta Volkswagen California sun gane wannan, shi ya sa suka sa teburinta a cikin ƙofar gefe mai zugewa, kujeru biyu kuma a cikin ƙofar baya. Wanda ya haɗa motarsa da kansa sai ya nemi irin wannan dabarar da abin da yake da shi.

Awo na biyu na kujera ne. Teburin cin abinci na gida yakan kai santimita 72 zuwa 76, saboda kujerar gida tana da tauri, mazauninta kuma kamar 45 ne daga ƙasa. Kujerar zango ta yadi ba haka take ba, tana lotsawa. Wadda aka rubuta mata 45, da na zauna aka auna daga ƙasa zuwa inda yadin ya sauka, 40 aka samu. Ana son tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin mazauni da saman tebur, don haka abin da ya dace da kujeruna shi ne 65 zuwa 70. Tebur mai 76 a gaban irin wannan kujera yakan sa faranti ya zo wa mutum kusan ƙirji, yara kuwa sai dai su durƙusa a kan kujera. Masu ƙananan kujerun nan marasa nauyi da ke kusa da ƙasa su kuma tebur mai tsayin 40 ne daidai da su, amma ba a girki a kansa a tsaye sai an sunkuya baya ya yi ciwo.

Girki yana da nasa lissafin. Murhun gas mai lebur, irin wanda ake zura wa gwangwani mai giram 227 a gefe, tsayinsa kamar santimita 10 ne, tukunya ta ƙara 15. A kan tebur mai 70 bakin tukunya ya kai 95 ke nan, daidai da wanda yake tsaye yana juya miya. Tuƙin tuwo kuwa ya fi son tukunya ta yi ƙasa, yadda nauyin kafaɗa zai sauka a kan muciya. Wannan ya nuna mini tebur mai tsayi ɗaya tak ba zai yi ba, sai mai ƙafafu da ake ƙarawa a rage, daga kamar 55 zuwa 72.

Girman saman teburin kuwa da kwali na gwada shi. Na shimfiɗa kwali a ƙasa na jera abin da ake ɗorawa a zahiri lokacin cin abincin dare: murhu, tukunya ɗaya da aka sauke, faranti huɗu, kofuna, fulas ɗin shayi, kwanon miya. Na zagaye da alkalami. Santimita 80 da 60 ya ɗauki kayan mutum biyu in ba murhu a kai. Da murhu da mutum huɗu sai da ya kai 100 da 68, shi ma a matse. Mai 120 ya fi walwala, amma ya wuce lambar da na rubuta, kuma tsakiyarsa ta fi saurin lanƙwasa. Faɗin da bai kai 60 ba ban yarda da shi ba ko kaɗan, domin faranti biyu ba sa fuskantar juna a kansa, kuma siririn tebur mai dogayen ƙafafu shi iska ta fi saurin kifarwa.

Nauyi ma na duba, ko da yake ba shi ya yanke hukunci ba. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka yarda ta kai da duk abin da ke cikinta, an buga shi a wani ɗan faranti a jikinta. Transporter akwai mai kilo 2,800, akwai mai 3,000, akwai mai 3,200, manyan kuma galibi a 3,500 suke tsayawa saboda nan ne iyakar lasin na ƙaramar mota a Turai. Bayan an sa katako da gado da batir da ruwa da mutane, abin da ya rage ba shi da yawa, kuma hanyar sanin gaskiyarsa ita ce a hau sikelin motoci da kaya cike. Bambancin kilo 4 tsakanin tebur da tebur ba zai karya lissafi ba, amma mai ɗagawa safe da yamma zai ji shi a hannu.

Da takardata na shiga kantunan kayan zango, na tarar iri huɗu ne suke ta maimaituwa da sunaye daban-daban.

Wanda ya fara jan hankalina shi ne mai sama na siraran sandunan alminiyum da aka jera, ana naɗe su kamar tabarma a zura cikin jaka tare da ƙafafu. Ba shi da nauyi, waɗanda na ɗaga ba su wuce kilo 5 ba, ba ya tsatsa, tukunya mai zafi kuma ba ta yi masa komai. Don ajiya babu kamarsa. Amma da na duba shi kusa sai aibinsa ya fito. Tsakanin sanda da sanda akwai tsaga, ƙafar murhu ta roba tana faɗawa ciki murhun ya karkace. Miya in ta zube ta nan take bi ta sauka a gwiwar mai zaune, abin da ya maƙale a tsagar kuma sai an bi da buroshi, in ba haka ba tururuwa su yi ta zarya. Sandunan igiyar roba mai talewa ce ta riƙe su ta ciki, rana da sanyi suna cinye ta, in ta saki sai saman ya riƙa warwatsewa. Sannan saman ba a manne yake da firam ba, 'yan maƙalai na roba ne suke kama shi, su ne kuma suke fara karyewa. Mafi muni a wurina, ƙafafunsa na almakashi ne, suna da ƙarfi in an danna daga sama, amma in aka tura daga gefe sai duk teburin ya yi tangal-tangal kamar ɗan akuyan da aka haifa yanzu.

Na roba mai kauri da ƙafafun ƙarfe, irin wanda ake gani a wajen biki, ya fi kowanne araha da ɗaukar nauyi, ruwa kuma ba ya dame shi. Sai dai ya kai kilo 9 ko 10, in an ninke shi biyu kaurinsa ya cika tsakanin da nake da shi har ya so wucewa, ƙafafunsa yawanci tare suke tashi ba a gyara ɗaya ita kaɗai, kuma gindin tukunyar da aka sauke daga wuta yana narkar da robar ya bar zobe. Ƙarfen ƙafar fenti ne ya rufe shi, da tsakuwa ta kankare fentin sai tsatsa ta kama, musamman a bakin teku. Na katakon gora ya fi su kyau a ido, yana da tauri, ba ya ɗaukar zafin rana yadda alminiyum yake yi har ya ƙona hannu. Amma yana da nauyi, yana son a riƙa shafa masa mai, ba ya son kwana cikin ruwan sama, kuma manja ko kori in ya shiga jikinsa ya zauna ke nan.

Na huɗu shi ne mai sama falle ɗaya, an lulluɓe shi da fomeka mai tauri, an zagaye bakinsa da alminiyum, ƙafafu huɗu suna kwantawa a ƙarƙashi. A nan sai an yi hattara, domin biyu ne masu kama da juna. Akwai wanda cikinsa garin katako ne da aka matse, akwai wanda aka yi cikinsa da abin da ruwa ba ya kumbura shi. Na garin katako in ruwa ya sami hanya ta gefe ko ta ramin sukuru sai ya kumbura, fomekar ta ɗago, ba ya kuma komawa. Na juya kowanne na duba ƙarƙashinsa da wajen da aka huda, in na ga launin ƙasa-ƙasa mai kama da kwali sai na ajiye. Takardar jikin kayan ma takan faɗa ko an yi shi don ruwa, in ba ta ce komai ba to ba a yi ba.

Lambar nauyin da ake bugawa, kilo 30 ko 50, ba ta gaya wa mai girki abin da yake son sani. Ana nufin nauyin da aka baza ko'ina a kan teburin ya zauna shiru. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce a wuri guda, in aka ɗora ta a tsakiyar tebur mai lambar 30 za ta iya lanƙwasa shi. Tukunyar tuwo mai lita 5 da murhunta ba su wuce kilo 8 ba, nauyinsu ba komai ba ne. Matsalar tana cikin turawa da jawowa. Don haka gwajina a kanti kala uku ne, kuma ban ji kunyar yinsu a gaban mai kanti ba. Na buɗe teburin na ja ƙafafunsa iyakar tsayinsu, na dafa tsakiya da tafin hannu na danna, na ga ko zai lotsa. Na kama gefe ɗaya na tura gaba na jawo baya da irin ƙarfin da ake tuƙi da shi, ta tsawo sannan ta faɗi, domin wani yana da ƙarfi ta fuska ɗaya kawai. Daga ƙarshe na danna kusurwa ɗaya, kamar yadda mai tashi daga kujera yake dafawa, na ga ko ƙafar da ke can ɗaya ɓangaren za ta ɗaga. Ban da waɗannan na zauna a kujera na zura gwiwa, saboda wasu suna da sanda a gicciye a ƙasa daidai inda ƙafar mutum za ta shiga.

Ƙafafu su ne suka raba gardama. Filin zango ba ya taɓa zama a shafe, kuma tebur mai ƙafa huɗu masu tsayi ɗaya dole ɗaya ta rataye a iska. Ƙafa mai maɓallin sifirin da ke faɗawa cikin rami tana da aminci, ba ta zamewa, amma ramukan suna da tazarar santimita 3 ko fiye, ƙasa kuwa ba ta san wannan tazarar ba, sai ka ga ana neman dutse ana cusawa. Mai murɗawa tana tsayawa ko'ina, sai dai in rairayi ya shiga sai ta cije ko ta daina kamawa, kuma da hannu mai maiƙo ba ta murɗuwa. Mai ɗan hannu da ake dannawa ya matse bututun ita na fi so: tana tsayawa a duk inda aka so, ana ganin ko a kulle take, kuma tana da sukuru da ake ƙara ɗaurewa in ta fara sakewa. Na kuma duba inda ƙafa ta haɗu da saman tebur. Wadda take da tokara ta ƙarfe a karkace mai kullewa ita take hana rawa. Wadda hinjin roba kaɗai ya riƙe ta, ko sabuwa ce tana da wasa, wasan kuma ƙaruwa yake yi. Tafin ƙafar ma abin dubawa ne, mai faɗi mai juyawa yana zama a kan ciyawa da rairayi, siriri kuwa nutsewa yake yi a laka, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Na ɗauki mai sama falle ɗaya, santimita 100 da 68, ƙafafun alminiyum huɗu kowace da nata matsewar, tokara a kowace kusurwa, kaurinsa a ninke 7, nauyinsa ya ɗan haura kilo 7. Ya fi mai naɗewa tsada da nauyi, kuma na yarda da hakan.

Shi ma sai da na koyi yadda ake kafa shi. Ina fara buɗe ƙafafu uku in daidaita su, sannan in saki ta huɗu ta sauka da kanta har ta taɓa ƙasa in matse, ta haka ba a yin ta zagaye ana gyara wannan ana ɓata wancan. Kofi da ruwa rabi a tsakiyar tebur ya isa nuna inda ya karkata, kuma wannan ba ƙawa ba ce, kaskon suya a kan karkataccen tebur mai yana taruwa gefe ɗaya. In za a tuƙa tuwo ina mayar da ƙafafun can ƙasa, wajen 55, domin bututun ciki in ya shige cikin na waje sosai ƙafar ta fi tauri, rawar kuma ta ragu ƙwarai. Murhu a kusurwa nake ajiye shi, daidai saman ƙafa, ba a tsakiya ba, da ɗan falankin katako a ƙarƙashinsa da shimfiɗar roba mai hana zamewa a ƙarƙashin falankin. Tuwon mutum huɗu yana tuƙuwa a haka, mutum ɗaya yana riƙe da tukunya da tsumma. Abin da ya wuce haka, gaskiya babu teburin tafiya da zan amince masa, murhu ƙasa yake sauka a kan falanki. Dama irin murhun nan mai gwangwani a gefe ba a ɗora masa tukunyar da faɗinta ya rufe wurin gwangwanin, domin zafi yana komawa kansa har ya iya fashewa.

Iska ita ce ɗaya abin da ba a gani a kanti. Tebur mara nauyi da mayafi a kai, iskar bakin teku tana ɗaga shi da duk abin da ke kansa. Na daina shimfiɗa mayafi, na kuma ɗaura gajeriyar igiya a firam ɗin ƙasa wadda nake rataya jarka mai lita 5 a kanta, nauyin ya ja teburin ƙasa daga tsakiya. In ƙasa mai laushi ce, turakun tanti biyu a gicciye kan tafin ƙafa ma suna yi. Murhu kuwa ina nisanta shi da jikin mota da yadin rumfa aƙalla mita ɗaya, motar ta zama ita ce kariya daga inda iskar take kaɗowa.

Ba ko'ina ake fito da tebur ba, wannan kuma ya shafi irin wanda ya kamata a saya. A Jamus an yarda direba ya kwana dare ɗaya a mota a wurin ajiye motoci don ya huta ya iya ci gaba da tuƙi, amma da zarar ya fito da tebur da kujeru ya zama mai kafa zango, wanda ba a yarda da shi a nan ba. A Sifen ma haka ake bambantawa, mota tana matsayin wadda aka ajiye ne muddin babu abin da ya fito ya wuce jikinta. Wuraren saukar motocin zango na Faransa da Jamus kowanne da ƙa'idarsa a allon bakin shiga, wasu sun yarda, wasu sun hana. Wanda yawancin kwanansa a irin waɗannan wurare ne, gara ya kashe kuɗinsa a kan ƙaramin tebur na cikin mota mai hannu mai juyawa, na waje kuma ya sayi mai sauƙi.

Wajen mayarwa, ina goge shi ya bushe kafin ya shiga mota, in kuma ruwa ya matsa aka sa shi a jiƙe, da an isa wani wuri sai in fito da shi ya sha iska, saboda danshi a rufaffiyar mota fumfuna yake kawowa. Ƙafafun ina zaro su gaba ɗaya lokaci-lokaci in wanke rairayin ciki da ruwa zalla. Ba na sa musu man giris, domin ƙura yake kamawa, matsewar kuma ta riƙa sulɓewa. A bayan gado na kafa ƙugiyoyi biyu a jikin firam ɗin gadon, ba a jikin siririn falankin bango ba, na ɗaure teburin a tsaye da bel mai ƙarfen ɗaurewa, fuskarsa tana kallon gado, da tsohon tawul a tsakani don kada ya yi ta ƙara a hanya. Igiyar roba mai talewa ba ta isa wannan aikin ba, in aka taka burki da ƙarfi miƙewa take yi ta saki kayan, kuma kilo 7 mai kaifin baki ba abin da za a bari ya taho ta bayan kan yara ba ne.